Tsoro na Daji, Kunya na Gida: Abin da Ke Riƙe Ƙafar Mutanen Tudun Wada

Saurayin da ba zai taɓa yarda a gan shi yana tura baro a kasuwar Tudun Wada ta Zariya ba, ko da za a ninka masa kuɗin dako, shi ne za ka tarar a kasuwar Mile 12 ta Legas yana sauke buhunan albasa daga tirela tun kafin a kira assalatu. Wanda yake ganin wankin takalmi zubar da girma ne a Agoro, in ka je Fatakwal za ka same shi rataye da ɗan akwatinsa yana ƙwanƙwasawa layi-layi, ko a jikinsa. Mutumin ɗaya ne, aikin ɗaya ne, wahalar can ma ta fi ta nan, ga sauro, ga kwanan rumfa, ga wulaƙancin masu karɓar haraji. Bambancin kawai shi ne a can babu wanda ya san sunan ubansa.

Wannan ya isa ya kayar da bayanin da manya suka fi so, wai 'ya'yan yanzu malalata ne, zuciyarsu ta mutu. Malalaci ba ya hawa bayan motar shanu ya kwana a hanya don neman na kansa. Akwai dai wani abu da yake riƙe ƙafar mutum a unguwarsu, ya sake ta da zarar mota ta wuce Ɗanmagaji ta miƙi hanyar Kaduna. Magabata sun riga mu ganinsa da suka ce tsoro na daji, kunya na gida.

'Yan ci-rani ko ba komai sun sami mafita. Waɗanda abin ya fi ci su ne waɗanda ba su da halin tafiya. Ga mai digiri da ya daɗe da gama bautar ƙasa, hannunsa ya iya gyaran waya kamar na masu shago a unguwar PZ, amma yana zaune yana jiran a buɗe shafin ɗaukar ma'aikatan kwastan. Ga matar aure da duk layinsu aka san babu mai alkaki da dubulan irin nata, ana ta ce mata ta riƙa yin na sayarwa, ita kuwa tana gudun kada dangin miji su ce ɗansu ya gaza. Ga magidanci mai shekara hamsin da ya bar sakandare a aji uku, yana son ya koma ya ƙarasa, amma ya kasa hango kansa a benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa. Ka tambayi kowannensu, za ka ji babu jari, ko lokaci bai yi ba, ko ana dai shiri. Sai hira ta yi nisa, an sha shayi an saki jiki, sannan ta cikin take fitowa: “To, ka san mutanenmu.”

Unguwar da baƙi suka kafa

Abin ban mamaki, Tudun Wada unguwa ce ta masu ƙarfin halin barin gida. Bayan Turawa sun kama Zazzau a 1902, layin dogo na Baro zuwa Kano kuma ya ratso ta Zariya wajen 1911, sai 'yan mulkin mallaka suka raba garin gida uku. Birni na Zazzagawa ne, 'yan asali, a cikin ganuwa. Sabon Gari, a hayin Kubanni, na 'yan Kudu ne da suka biyo aikin jirgin ƙasa da kamfanonin sayen gyaɗa da auduga. Tudun Wada kuwa, daga fita Ƙofar Doka, aka ware wa 'yan Arewa waɗanda ba 'yan garin ba: Kanawa, Katsinawa, Nufawa, Barebari, da duk wanda neman abinci ya jefo. Kowa ya baro asalinsa a wani gari, don haka kowa ya kama abin da ya samu. Ɗan malami ya yi tireda, ɗan maƙeri ya zama direba, babu mai ce masa don me.

Daga baya ma'aikatu suka kewaye unguwar. Kamfanin Gaskiya ya kafu a 1945. A Kongo aka buɗe makarantar horar da akawuna a 1947, wadda ta girma ta zama cibiyar koyar da aikin mulki, ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Kwalejin Barewa ta taso daga Kaduna ta zauna a Zariya a 1949. Ga kwalejin horar da malamai ta wajen Gyallesu, ga babban asibitin da ya zama na koyarwa kafin a mayar da shi Shika a 2005. Da wuya ka sami unguwa a Arewa da makarantu da ofisoshi suka yi wa zobe haka.

Alheri ne, amma ya zo da ƙullinsa. Yaron da ya tashi a nan a shekarun 1960 da 1970 ya ga abin da ake kira cin nasara da idonsa: mutum ya yi boko, ya sami aiki, ya sayi Vespa ko Beetle da rancen gwamnati, ya yi ritaya da fansho. Hanyar ta fisshe iyaye, har aka ɗauka ita kaɗai ce hanya. Yau ofisoshin sun cika sun batse, masu takarda sun fi guraben aiki nesa ba kusa ba, amma mudun awon bai canza ba. Jikokin baƙi sun zama 'yan gida, kowa ya san kakan kowa, idon da kakanni suka baro a Katsina da Bida ya tsiro a nan.

Shi wannan ido ya girmi boko. Tsakanin 1949 da 1950 wani masanin zamantakewa ɗan Jamaika, M. G. Smith, ya zauna a ƙasar Zazzau yana nazarin yadda Hausawa ke neman abinci. A wannan zaman ne matarsa Mary ta rubuta tarihin Baba ta Karo. Cikin abin da Smith ya lura da shi har da yadda ake raba sana'a biyu: karda, wadda mutum ya gada, da shigege, wadda ya shiga da ƙafarsa. Mai karda yana gaba da mai shigege a daraja, ko da aikinsu ɗaya. Su kansu sana'o'in hawa-hawa ne, sarauta da malanta da fatauci a sama, fawa da kiɗa da roƙo a ƙasa. Matasan yau ƙalilan ne suka taɓa jin waɗannan sunaye, amma hukuncin yana nan da ransa. Shi ne yake fitowa daga bakin uba idan ya ce, “Ba a san gidanmu da wannan ba.” Shi ne yake fitowa ranar neman aure, waliyyi ya tambayi sana'ar yaro, a ce makaniki ne, zaure ya yi tsit. Da an ce ma'aikacin ƙaramar hukuma ne da sai a yi hamdala, alhali mafi ƙarancin albashi da doka ta tsayar a Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuɗin da makaniki mai jama'a ba sai ya jira ƙarshen wata zai gan su ba.

Anthony Kirk-Greene, Baturen da ya yi shekaru yana koyarwa a nan Kongo, ya fitar da ɗan littafi a 1974 a kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki. Halaye goma ya lissafa, ciki har da gaskiya, amana, karamci, haƙuri, kunya, ladabi da mutunci. Babu na yarwa a cikinsu. Amma in ka dube su da idon basira, yawancinsu halayen zama lafiya da mutane ne, na sanin matsayinka da tsayawa a kansa. Ƙarfin halin fara abin da ba a saba gani ba bai samu shiga ba. Mai wannan hali muna da sunayen da muke ba shi, kuma babu na yabo a ciki: mai rawar kai, mai shisshigi, mai ɗaukar Dala ba gammo.

Wasu sun ɗauki wannan sun yi nisa da shi fiye da kima. A 1966 Ba'amurke Robert LeVine ya wallafa binciken da ya yi a kan 'yan sakandare Hausawa, Yarabawa da Ibo, ya ce burin ɗaukaka kai ya fi ƙarfi a wurin Ibo, biyayya kuma a wurin Hausawa. Hujjarsa ita ce a tsarin sarauta na da barantaka ce tsanin hawa: ka bi ubangida, ka yi haƙuri, wata rana ya tuna da kai. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, duk wanda ya ga samari suna wuni a ƙofar gidan ɗan siyasa ya sani. Amma ban sayi maganar duka ba. Mutanen da suka riƙa kora jakuna daga Kano zuwa Gwanja fataucin goro, tafiyar watanni cikin 'yan fashi, waɗanda suka taka da ƙafa zuwa Makka har wasunsu suka kafa garuruwa a Sudan, waɗanda suka fitar da Alhassan Ɗantata, ba a ce musu marasa buri. Abin lura dai shi ne kusan duk wannan jarumtaka a waje aka yi ta, ko kuma cikin sana'ar da aka gada. Hanya ba ta taɓa ba Bahaushe tsoro ba. Dariyar maƙwabci ce ba ya iya haɗiyewa.

Gasar 1933

Zariya tana da misalin da ya fi kowanne fito da wannan fili. A 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Talifi da ke nan garin, ya zagaya manyan biranen Arewa yana lallashin malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa don shiga gasa. Shi da kansa ya ba da labarin wuyar da ya sha. Masu iya rubutu ba su yi ƙaranci ba, ƙasar cike take da masana da suka gaji ajami da waƙoƙin wa'azi. Sai dai a wurinsu alƙalami na ilimi ne da addini, labarin da bai faru ba kuwa tatsuniya ce, aikin tsofaffin mata da yara bayan cin tuwon dare. Malami da rawaninsa ya zauna ya shirya ƙarya, ya kuma sa sunansa a kai?

Kaɗan ne suka yi ƙundumbala. Littattafai biyar aka samu: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East ɗin. Imam yana da shekara 22 a lokacin, yana koyarwa a Midil ta Katsina. A 1936 aka kira shi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, a Janairun 1939 kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa yana editanta na Hausa. Ɗaya daga cikin marubutan nan ya zama Firayim Ministan Najeriya, labarin da ya ƙaga bai rage masa komai ba. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sauran. Malamai nawa ne a wancan lokaci suke da labari a ciki da zai iya gogayya da Ruwan Bagaja, suka haɗiye shi don kada almajiransu su raina su? Wanda ya gwada ya faɗi ana ganinsa, ana ba da labarinsa. Wanda bai gwada ba babu mai lissafa asararsa, shi kansa wani lokaci bai san ya yi ta ba.

Kuma abin kunyar bai daɗe yana abin kunya ba. Kafin a je ko'ina littattafan nan sun shiga aji, 'ya'yan waɗanda suka ƙi rubutawa suna haddace su don jarrabawa. A shekarun 1980 mata irin su Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, suka sha nasu zagin a Kano kan rubutun labaran gidan aure; tun 2016 ga BBC Hausa tana shirya gasar Hikayata, mata suna shiga da sunayensu. A cikin birnin Zariya ɗinkin hannu na babbar riga aikin maza ne a da, yau mata da yawa da shi suke riƙe da kansu daga cikin ɗakunansu. Haka acaba ta yi, haka sana'ar POS ta yi. Na farko ne kawai suke biyan kuɗin dariya, na baya su shigo kyauta.

Kotun da ba ta hutu

Inda ake yanke wannan hukunci ba ɓoyayyen wuri ba ne. Benci ne a ƙofar gida bayan la'asar, teburin mai shayi bayan isha, taron suna da na biki, yanzu kuma har da zaurukan WhatsApp na 'yan aji ɗaya da na dangi. Ba na cikin masu zagin majalisa. A nan ake haɗa kuɗin asibiti, a nan ake jin inda ake neman ma'aikata, a nan ake sasanta ma'aurata. Amma ka kasa kunne ka ji yadda ake ba da labarin wanda ya gwada bai dace ba. “Ai wane shago ya buɗe, ko shekara bai yi ba ya rufe.” Sai dariya. Wani ya ce, “Dama na faɗa.” Babu mai tambayar me ya kayar da shi, balle me ya koya. Duk wanda ke zaune a wurin da wani buri a ransa ya ji, ya kuma ɗauki darasi: da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai tsoron baki. Mutum ba ya faɗin abin da yake shiryawa don gudun hassada da kambun baka. Rufa wa shiri asiri ba aibu ba ne. Amma wanda bai faɗa wa kowa ba bai ji shawarar kowa ba, bai sami abokin haɗa jari ba, kuma babu mai tare shi a masallaci ya ce, “Ina aka kwana kan maganar nan?” Shiri ya shekara uku a cikin ƙirji, ya mutu a can, babu ko mai yin ta'aziyya.

Wani kuma ba faɗuwa yake tsoro ba, ya san abin da ke jiran wanda ya buɗe shago a layinsu. Gwaggo ta aiko a ba ta mudu biyu za a kawo kuɗin. Surukinka ya tsaya ya ɗauki katan ɗin taliya, ya ce a rubuta. Abokin da kuka yi makarantar allo tare ya ranci na cefane. Ba ka iya hanawa, ba ka iya tambaya, in ka tambaya an ce kuɗi sun canza ka. Littafin bashi ya yi ƙiba, kanta ta rame. Shi ya sa za ka ga ɗan Tudun Wada ya tsallake unguwarsu ya je Samaru ko Sabon Gari ya kama shago, ya yarda ya biya kuɗin mota kullum don ya sayar wa wanda bai sani ba.

Wani masanin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Cornell ta Amurka, Thomas Gilovich, da abokan aikinsa sun wallafa wani gwaji a 2000. Sun sa wa ɗalibai riga mai hoton wani mawaƙi da matasa ke jin kunyar a gan su da shi, suka tura su cikin ɗaki mai mutane. Masu rigar sun zaci kusan rabin ɗakin sun lura. Waɗanda suka lura ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ba zan ce haka abin yake a Tudun Wada ba. A nan ana lura, sosai ma. Inda muke kuskure shi ne tsawon lokacin. Tsegumi ba ya zama wuri ɗaya: yau kai ne, jibi an saki matar wane, gata Arsenal ta sha kashi, an manta da kai. Shi dai Gilovich, tare da Victoria Medvec, ya nuna a tsakiyar shekarun 1990 cewa nadamar abin da mutum ya aikata tana da zafi amma tana hucewa, ta abin da ya ƙi aikatawa kuwa ita ce ke bin sa har tsufa. Duk wanda ya zauna da 'yan fansho ya ji yawan “da na sani” da ke fara da “da a ce tun lokacin na”.

Kada a ɗora wa kunya laifin da ba nata ba

Zalunci ne a ce duk wanda ya zauna kunya ce ta zaunar da shi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a 2022 cewa 'yan Najeriya miliyan 133, kashi 63 cikin 100, suna cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, a 2024 ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Tela ko mai walda da ya dogara da janareto ya san abin da wannan ke nufi. Ɗalibin jami'a ya zauna a gida wata tara a 2020, wata takwas a 2022, saboda yajin aikin malamai. Wanda aka koya wa cewa ƙoƙarinsa ba shi ke sa ya gama a kan lokaci ba, ba abin mamaki ba ne in ya daina yarda da ƙoƙari. Wanda kuma jarinsa adashin uwarsa ne ko gadon ƙannensa marayu, in ya yi jinkiri hankali ya yi, don faɗuwarsa ba tasa ba ce shi kaɗai.

Amma akwai tambayar da za ta raba maka tsaki da tsakuwa. Da a Kumasi kake, ko Abuja, inda babu wanda ya san ka, da ɗan abin da ke hannunka yanzu, za ka fara? In ba za ka fara ba, to lallai jari ne matsalarka. In kuwa za ka fara, ka daina ɗora wa jari laifi.

Haka ma ƙaddara, wadda ake yawan fakewa da ita. “Allah bai yi ba tukuna” magana ce ta gaskiya a bakin wanda ya nema bai samu ba. A bakin wanda bai taɓa ɗaga ƙafa ba, mayafi ce. Garin malamai ne Zariya, babu ɗalibin da bai ji hadisin da Tirmizi ya ruwaito na mai raƙumin da aka umarta ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah ba, ko na Buhari da ya fifita mai ɗaukar igiya ya yo itace ya sayar a kan mai roƙo. An karantar da mu cewa Annabi Dawuda da aikin hannunsa yake ci, Annabi Zakariyya kafinta ne, Manzon Allah (SAW) ya yi kiwo ya yi fatauci. Nana A'isha ta yaba wa matan Madina don kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Kunyar da ke cikin imani ita ce mai hana saɓo. Wadda ke hana mutum riƙe sifana don kada 'yan ajinsu su gan shi da baƙin mai, wannan girman kai ne ya sa rigar kunya, an kuwa san rawanin da Hausawa suka naɗa masa.

'Yar makarantar En'e

Duk abin da aka faɗa, na mata ninki ne. Namiji in ya faɗi an ce bai iya kasuwa ba. Mace tun kafin ta fara an ce idonta ya buɗe. Yarinya ta ci jarrabawa tana son aikin jinya, a ce wa zai auri mai kwanan asibiti, alhali gidan da ya hana ta shi ne zai fi kowa ƙorafi ranar da namiji ya duba matarsu. Kuma ba kullum maza ne masu riƙe igiyar ba. Sau da yawa uwa ce, ko yaya, ko kishiyar uwa, masu tsoron abin da za a faɗa a gidan biki.

Tudun Wada ta taɓa ganin wadda ta tsinke igiyar. Hajaratu, wadda duniya ta sani da Gambo Sawaba, an haife ta a 1933. Mahaifinta mutumin Gana ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo, mahaifiyarta Banufiya. A makarantar firamare ta En'e da ke Tudun Wada ta yi ɗan karatun da ta samu, rasuwar iyaye ta katse shi, aka aurar da ita tana da shekara 13. Da aka kafa NEPU a Kano a Agustan 1950, ta shiga tana 'yar shekara 17, lokacin da ko maza a ɓoye suke zuwa taron jam'iyyar don tsoron 'yan doka. Labarin da aka fi tunawa shi ne na wani taro a Zariya da maza suka yi shiru, ita ta hau dandamali ta yi magana. Ta je har Abekuta wurin 'yar gwagwarmaya Funmilayo Ransome-Kuti. Ta yi yaƙi da auren wuri da aikin tilas, ta nemi a sa 'ya'ya mata a makaranta, a kuma ba matan Arewa ƙuri'a, abin da bai samu ba sai 1976.

Ba zan kawo ta a matsayin shaidar cewa tsoron banza ne ba. Tarihinta ya nuna akasin haka. Sau 16 aka ɗaure ta, ta sha duka a hannun 'yan banga, an kore ta daga Kano, an kira ta da duk sunan da ake kiran macen da ta fita. Abin da mutane ke tsoro ya same ta, har da ƙari. Kuma ba na jin banza ce ta sa wadda ta iya wannan ta kasance marainiya, 'yar baƙi, wadda ba ta da wani babban zaure a birni da za a ce ta zubar wa mutunci. Irin 'yancin da ya kafa Tudun Wada ne ta samu, ta hanya mai ɗaci. Ta rasu a Oktoban 2001. Babban asibitin gwamnati da ke Ƙofar Gayan sunanta yake amsawa yau, jikokin masu zaginta a can ake haihuwarsu.

Bai kamata sai mutum ya zama maraya, ko ya yi hijira zuwa Legas, kafin ya sami sararin gwada abin da yake so ba. Roƙona ga iyaye da waliyyai shi ne ranar da aka zo neman aure a tambayi halin yaro da ko sana'arsa za ta riƙe gida, a bar tambayar ko tana da ofis. Limamanmu na Juma'a, daga Tudun Wada har Tudun Jukun, su ware huɗuba a kan darajar aikin hannu da haramcin yi wa wanda ya karye dariya, su kuma faɗa wa dangi ƙarara cewa bashin shagon ɗan'uwa bashi ne. Kai kuma mai karatu da za ka zauna a benci yau da yamma, idan aka kawo labarin wanda shagonsa ya rufe, kafin a fara dariya ka tambaya nawa ake bin sa, nawa yake bin mutane, kuma wa zai raka shi wurin masu kaya a Sabon Gari a roƙa masa ƙarin lokaci.